Bishiyar Baba Jamus

Ranin bana ya ƙone ciyawar London ƙurmus. Filin da ke bayan gidanmu a Deptford, wanda na saba gani kore shar, ya koma ruwan ƙasa kamar filin ƙwallon firamare ɗinmu a Funtuwa, kuma an hana ban ruwa da tiyo. Jiya da la'asar na hango maƙwabciyata ta fito da bahon wanke-wanke tana zuba wa tumatirinta. Ina ganin haka sai zuciyata ta yi baya, ta tafi ranin da na fara yin azumi a ƙasar nan, a kicin ɗin Baba Jamus.

Zamanin kuɗin mai ne. Gwamnati na kwasarmu kamar gyaɗa tana turo mu karatu, mutanen gida kuma na sauka da akwatuna wayam su koma da su maƙil. Wani ma ciwon kai kawai zai kawo shi ganin likita a Marylebone. Ni da abokina Aminu muna karatu a Bloomsbury, shi yana koyon aikin lauya, ni aikin safiyo, muka kama ɗakuna biyu a saman gidan wani tsoho mai suna Mista Ditrik. Mu dai Baba Jamus muke ce masa, yana kuwa amsawa. Shi kansa bai taɓa zama a Jamus ba. A Amurka aka haife shi, yaƙi ya kawo shi Ingila yana soja, ya auri Baturiya ya zauna, ta mutu ta bar shi da gida. Kakanninsa ne suka bar Jamus suka tafi Amurka tun tana hannun Ingila, tun ana sare daji ana kafa gari. Abu biyu suka rage masa a duniya, lambunsa na wake da kabeji, sai kuma bishiyarsa.

Bishiyar a jikin bangon kicin take. Ya samu doguwar takardar manna bango ya juya bayanta, ya zana danginsa kaf da fensir, tun daga kusa da rufi har gab da ƙasa. Bishiyar Turawa saiwarta a sama take, saboda haka sunansa na can ƙasa dab da kwandon shara, kakan kakanninsa kuwa sai ka ɗaga kai kafin ka gan shi. Tun ranar da na fara ganin takardar nan na tsane ta. Ba zan ɓoye ba, hassada ce tsagwaronta, kuma ina da dalili.

Mahaifina Audu Tela ne. Mahaifinsa kuwa Nasamu sunansa, daga nan magana ta ƙare. Yana yaro aka kamo shi daga duwatsun kudu aka sayar, wanda ya saye shi ya dube shi ya ce na samu, shi ke nan ya zama suna. Na riske shi da rai, tsoho mai yawan shiru. Abin da yake iya tunawa na gidansu bai wuce wani rafi da wani babban dutse da uwarsa ke shanya a kai ba. Sunan da ta raɗa masa ma ya ɓace masa. Mahaifina ya tattara mu ya koma Funtuwa, garin jirgi da auduga, inda kowa baƙo ne kuma ba a tambayar ɗan wane. Da aka sa ni makaranta aka rubuta Sule Funtuwa, kamar yadda ake yi wa kowa, sunan garin ya rufa mini asiri har London.

Aminu kuwa ɗan hakimi ne, daga wani tsohon gida. Idan ya fara jero kakanninsa sai shayinka ya huce bai kai rabi ba. Mutumin kirki ne, ba ya taƙama, abin a bakinsa kawai yake kamar Fatiha. Kullum muna tsokanar juna, ya ce mini ɗan tela mai satar ƙyalle, in ce masa ɗan cin haraji. Yana da ƙanwa, Asma'u, tana koyon aikin jinya a wani asibiti a ƙetaren kogi, takan zo mana ran Asabar. Magana ta riga ta yi nisa tsakanina da ita, kuma Aminu ya yi alkawarin in baffansu ya zo ganin likita bayan Salla zai kai ni in gaishe shi. Abin da suka sani shi ne ni ɗan tela ne. Wannan ma tudu ne a gidansu, amma a shekarun nan digiri na baje tudu. Nasamu ne digiri ba zai baje ba, na kuwa san haka sarai.

Ranin wancan azumi an sha wuya. Watanni aka ɗauka ba ɗigon ruwa a ƙasar da muka sani da yayyafi kamar ciwon ido. Kwalta na narkewa tana kama takalmi. Gidajen Turawa an gina su ne don su riƙe ɗumi, sai suka riƙe shi da gaskiya, ɗakina na sama ya zama tanda. Cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuwa ba a magana, warin gumi da ƙarfe mai zafi, ga Turawa sun yi jajur kamar gauta. A haka watan azumi ya kama. Rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas, kafin la'asar harshena ya manne da ganɗa, ina kallon allo a aji ina ganin randar gidanmu. Mu da muka zo daga ƙasar rana muka riƙa jin kunyar cewa zafin London ya kayar da mu.

Ruwa ya zama abin lissafi. Baba Jamus ya ce kada ruwan wanka ya wuce yatsa huɗu a baho, kuma ba a zubar da shi. Na wanka, na wanke-wanke, har na alwala da muke tarawa a kwano, duk sai a juye a bokiti a sauka da shi lambu. In mun dawo daga makaranta sai mu jiƙa waken da muka sayo a kasuwar Deptford, mu zauna mu surfe shi da hannu, Baba Jamus ya ɗauko injinsa na niƙa nama ya ɗaure a bakin tebur, yana juyawa muna zuba wake da albasa. Aminu ne mai suyar ƙosai, ni mai dama kunu da garin masara da tsamiyar kantin Indiyawa. Ruwan surfen ma lambu yake tafiya. Babu masallaci kusa, sai tsohon ya naɗa kansa ladaninmu. Yakan tsaya a tsakiyar wakensa da agogo a hannu yana kallon rana, da ta faɗi sai ya buga murfin tukunya da cokali ya ɗaga murya, “Asha ruwa!” Ya daɗe yana zaton sunan wata mata ne muke ambata.

A kan ƙosan nan aka fara abin da ya ƙona ni. Daren farko, muna buɗe baki, Baba Jamus ya nuna sunan mahaifinsa a bango ya ba mu labarinsa, mai gyaran agogo ne. Aminu ya ce ai shi ma yana da uba, ya ba da nasa. Ni ma na ba da na Audu Tela, aka yi dariyar yadda yake cika baki da allurai yana faɗa da masu kawo ɗinkin Salla. Sai tsohon ya tafa hannu ya ce daga yau kullum a hau reshe ɗaya, kowa ya kawo kaka ɗaya, har a kai sama.

Washegari da aka zo kan kakanni, ina haɗiye kunu na miƙe na ɗauki bokiti.

“Ina za ka, ɗan tela?” in ji Aminu.

“Waken Baba zai mutu kuna nan kuna kirarin matattu,” na ce masa.

Haka na mayar da shi al'ada. Su biyu suna hawa bishiya, ni ina jigilar ruwan wanka. Amma tagar kicin a buɗe take saboda zafi, ba abin da ya wuce kunnena. Na ji labarin wanda ya yi injin niƙa a bakin rafi, da wanda ya kai keken shanu bayan duwatsu. Na ji na Katarina, wadda ta haifi 'ya'ya goma sha ɗaya a ɗakin gungume a bakin daji, ta binne huɗu a sanyi guda, ƙasa ta daskare har sai da aka hura wuta a kanta kafin a iya haƙa. Na ji yadda suke sare itatuwa su yi gona a ƙasar da ke da masu ita, masu ita su zo da dare su ƙona rumbu, a gudu, a dawo, a sake ginawa. Ya san sunan kowa, har jaririn da bai kwana biyu ba. Aminu kuma ya amsa da nasa, wanda ya yi alƙalanci, da wanda ya gina ganuwa, da wanda ya zo daga yamma da shanu da littattafai. Sai ka ji tsohon yana cewa, “Madalla, Aminu! Kai mutum ne mai saiwa.”

Ni kuwa ina tsugune cikin kabeji, ƙasa ta tsattsage tana shanye ruwan sabulu kafin in ɗaga bokiti, ina cewa a raina Allah ya sa tururin girki ya ɓare takardar nan ta faɗa cikin man ƙosai. Har jaririn nan na Katarina na yi wa hassada, shi da bai yi komai a duniya ba amma ga sunansa a bango. An ce hassada ga mai rabo taki ce, wake dai ya yi kyau a hannuna.

Ranar da za su kai sama Asabar ce, Asma'u ta zo. Tun safe garin ya yi nauyi, ba iska ko kaɗan, gajimare ya taru ya tsaya kamar mai shawara. Ta karɓi suyar daga hannun yayanta, ta ce ƙosansa kamar duwatsun kwalta. Da aka sha ruwa na kai hannu ga bokiti, sai ta sa ƙafa ta take shi.

“Malam Sule, yau dai ka zauna. Yaya ya ce kullum kana yi musu escape.”

Na zauna. Baba Jamus ya jawo kujera ya hau, muna riƙe da ita kada ya faɗo, ya ɗora yatsa a kan sunan da ke can ƙoli. Na gama shirya zuciyata in ji sarki ko babban malami.

“Yohan,” ya ce. “Wannan shi ne na farko. A bakin jirgi aka sayar da shi.”

Aminu ya ce, “Aka me?”

“Aka sayar da shi. Ya hau jirgin ruwa ba shi da kuɗin jirgi. Da suka isa, mai jirgi ya jera su a bakin ruwa, manoma suka zo suna taɓa musu damtse suna duba haƙori. Wani ya biya, ya tafi da shi ya yi masa bauta shekara bakwai. A wurin aka raba shi da ƙanensa, ba su sake ganin juna ba. Da ya gama aka ba shi gatari da riga, ya nufi daji.” Ya buga bango da tafin hannu, takardar ta girgiza. “Duk waɗannan daga shi suka fito. Daga mutumin da aka duba wa haƙori!”

Fuskarsa na walƙiya yake faɗa, ƙirji a buɗe, taga a buɗe, maƙwabta ma su ji. Da ma ina jin haushin tsawon bishiyarsa ne. A lokacin nan wani haushi ya zo ya haɗiye wancan. Mutum ya hau kujera a gidansa ya ce an sayar da kakansa, kamar mai cewa kakansa ya je Makka da ƙafa, kuma ba abin da zai rasa, ba wanda zai janye masa tabarma. Ni na yi shekaru ina ɗauke da irin wannan magana a ciki kamar garwashi a tsumma. 

Ya sauko yana haki, ya nuna ni da fensir. “Kai kuma, Suli, ka ci bashin kakanni da yawa. Ba ni ɗaya kawai. Wa ya haifi telan?”

Da na ce Muhammadu, ko Abubakar, da an wuce wurin. Ba wanda zai je Funtuwa ya tona. Amma bakina ya riga ni.

“Nasamu,” na ce.

Cokalin Asma'u ya tsaya a kan kasko. Aminu bai ɗago ba. Wanda ya tashi a gida irin nasu ba ya bukatar a fassara masa wannan suna, ya san irinsu, su Nagode, su Allah-bar-sarki, ya san ta wace ƙofa suke shiga gida.

“Na-sa-mu,” in ji tsohon, yana ɗanɗana shi. “Me yake nufi?”

Aminu ya yi caraf ya amsa, murya a sanyaye. “Yana nufin na sami abin da nake nema, Baba. Irin sunan da uba ke sa wa ɗa ne in ya daɗe bai haihu ba.”

Rufa mini asiri ya yi, Allah ya sani. Ya miƙo mini riga in sa a gaban ƙanwarsa, ni da shi da ita duk mun san ta aro ce. Tsohon ya ce kai, wannan suna da daɗi yake, uba mai farin ciki. Na dubi Aminu, na ga tausayi a idonsa, tausayin da ban taɓa gani ba duk zaman da muka yi. Na dubi Yohan a can sama, wanda ba wanda ya ara masa riga.

“Ba ubansa ne ya faɗa ba,” na ce. “Wanda ya saye shi ne ya faɗa.”

Baba Jamus ya saki fensir, ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa kamar na ci jarrabawa. “Ashe mu 'yan'uwa ne! Me ya sa ka ɓoye mini? Shekara nawa ya yi?”

“Namu ba a ƙidaya masa, Baba.”

Ban san ko ya gane ba, don a daidai nan aka yi tsawa, ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga, irin na ruwan farko a gida. Titi ya cika da ihu, Turawa sun fito ba takalmi suna ɗaga hannu sama. Tsohon ya ruga lambu yana kiran mu mu fito da tukwane da bokitai. Muka fita muka jera su, ni da Aminu, kafaɗa da kafaɗa, muka jiƙe sharkaf.

Na raka Asma'u tashar bas da lemar tsohon. A hanya ta juyo ta dube ni.

“Malam Sule, wa ya aike ka? Yaya ya rufe maganar, kai ka buɗe.”

“Ƙarya ya yi.”

“Na san ƙarya ya yi, don kai ya yi ta. Da ka yi shiru da mu ma mun yi shiru, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yanzu ka faɗa da bakinka a gabansa. In Baffa ya tambaye shi asalinka, ya ce me?” Ta share ruwa daga fuskarta da gefen gyale. “Ni ba ruwana da kakanka, wallahi. Amma gidanmu ba ni kaɗai ce a ciki ba.”

Sauran azumin cikin ruwa muka yi shi. Sama kamar an huda ta, ciyawa ta dawo kore cikin 'yan kwanaki, kabejin Baba Jamus ya sha har ya farfashe. Bokiti ya daina aiki, sai na rasa wurin gudu, na zauna a tebur ina cin ƙosai a ƙarƙashin takardar. Tsohon ya rubuta Nasamu da fensir a gefe, can sama kusa da Yohan, ba reshe ba layi, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa. Aminu bai canza mini fuska ba. Abu ɗaya kawai ya daina, bai sake ce mini ɗan tela mai satar ƙyalle ba. Ya koma Malam Sule, sannu da aiki, Malam Sule, bismilla. Na yi ta tsokanarsa da ɗan cin haraji ko zai rama, sai ya yi murmushi kawai.

Baffan ya zo bayan Salla. Yau an ce likita ya riƙe shi, gobe an ce an yi cancel ɗin appointment an mayar jibi, har na ji labarin ya hau jirgi. Asma'u ta gama karatunta ta koma gida. Ban ji haushinta ba, haushin Yohan na ci gaba da ji, shi da aka sayar kuma ya samu mata ya cika bango. Ni ma daga baya na samu tawa, Mariya, 'yar zangon Kumasi. Da na faɗa mata labarin Nasamu tun kafin aure, dariya ta yi ta ce, “A Zango wa ya san kakan wani? Ci abincinka.” Baba Jamus ya rasu da daɗewa. Wani ɗan ɗan'uwansa ya zo daga Amurka ya naɗe takardar ya tafi da ita, ina zaton kakana na can har yau a gefen Jamusawa.

Kafin a ba da hutun ranin bana jikata Hanan ta zo da aikin makaranta, an ce kowa ya zana bishiyar gidansu. A nan aka haife ta, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ta zauna a kan kafet da alƙaluma masu launi tana tambaya ina faɗa, har muka kai inda magana ke ƙarewa. Na gaya mata sunan, na gaya mata wanda ya sa shi, da dutsen, da rafin. Ta rubuta shi a ƙoli da jan alƙalami, ta zana dutse a gefe.

Bayan kwana biyu ta shigo da gudu ko jaka ba ta ajiye ba. Ta ce ta tsaya gaban aji ta ba da labarin duka, malamar ta manna takardar a bango, yara suka kewaye ta suna tambaya.

“Everyone was jealous, Kaka!” in ji ta, wai kowa ya yi mata hassada.

Na ce mata na san yadda suka ji. Sai ta ce in sake faɗa mata sunan yadda ake faɗarsa daidai, don malamar ta kasa. Muna falo ne, ni da ita kaɗai, a gidana, a ƙasar da ba wanda ya san ma'anarsa. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga na riga na juya ina duban taga, ko a buɗe take.